Yaron Da Ya Yi Shiru: Wa Zai Koya Wa Manyan Zamfara Karanta Halinsa?

A wata makarantar je-ka-ka-dawo da ke bayan garin Gusau akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, wadda malamai suka sa wa ido saboda abu ɗaya. Duk lokacin da babura suka wuce a jere ta bayan katanga, sai ta saki biro ta shige ƙarƙashin benci, 'yan aji su kwashe da dariya. Malamin lissafinsu abokina ne tun muna yara. Ya ce mini sau biyu yana zane ta a kan haka, don a ganinsa neman suna take yi, tana ɓata masa darasi. A karo na uku da ya sunkuya zai jawo ta, sai ya ga wandon makarantarta a jiƙe, haƙoranta na kaɗawa, idonta a buɗe amma ba shi take kallo ba. Daga baya gwaggonta ta shaida masa cewa daga wani ƙauye na yankin Zurmi suka yi gudun hijira, kuma ranar da aka shiga garinsu ƙarar babura ce ta riga harbi isowa.

"Wallahi da na sani da ban taɓa ta ba," in ji shi. "To amma wa ya taɓa gaya mini?"

Wannan tambayar tasa ce ta sa ni wannan rubutu. Mutumin nan yana da takardar NCE, ya fi shekara goma yana riƙe da alli, yana da 'ya'ya biyar, kuma ba mugu ba ne. Ya karanta halayyar yara don cin jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda firgici yake a jikin yarinya 'yar shekara 13.

A al'adarmu, in halin yaro ya canza, akwatuna uku muke da su. In yana faɗa, yana gardama, yana gudun makaranta, mu ce rashin ji ne, maganinsa bulala. In yana faɗuwa, yana sambatu, ko yana razana cikin dare, mu ce iska ce ko jifa, a nemi malam. In abin ya kai ga tsince-tsince da tuɓe riga, mu ce hauka ne, sai gidan mari ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Matsalar ita ce mafi yawan yaran da ke shan wahala ba su cikin ko ɗaya daga ukun nan. Suna tsakani, inda ba mu raɗa wa abin suna ba, kuma abin da ba shi da suna da wuya a nema masa magani. Fassarar da babba na farko ya yi wa halin yaro ita ke zaɓa masa hanyar da zai bi, wani lokaci har tsawon rayuwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da yaro bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Sai ka ɗora abin da yaran Zamfara suka gani. A daren 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwanaki huɗu. Ranar 1 ga Satumbar wannan shekarar aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantu, aka katse layukan waya na tsawon makonni. A Satumbar 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida. Waɗannan su ne duniya ta ji. A bayansu akwai yaron da aka kashe mahaifinsa a gona yana laɓe cikin dawa, da yarinyar da ta yi wata biyu a daji aka sayar da shanun gidansu aka fanso ta, da ɗan da yake kwana a kangon gini a Gusau bayan ya tashi a gida mai rumbu uku.

Akwai kuma wani rukuni da aka manta da shi. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi wa dubbai magani. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta rage masa kaifin fahimta, ta sa shi saurin fushi da kasa natsuwa, kuma wannan illa ba ta gogewa. Jariran wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau. Nawa ne daga cikinsu aka kira daƙiƙai a aji, aka yi ta duka a kan abin da ba laifinsu ba?

Idan aka ce a jira likita, to a san me ake jira. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma yawancinsu na manyan birane. Waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa 'yan ƙalilan ne a cikin wannan ƙalilan ɗin. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da yawancin Zamfarawa yana Kware a jihar Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Gusau, a kan hanyar da mutum ke addu'a kafin ya hau. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya da kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya. Doka ce mai kyau. Amma ba za ta haifo likita a Dansadau ba, ko a bana ko a baɗi.

Saboda haka ne masana suka daɗe da komawa kan tunanin raba aikin. A nan gida aka fara gwada shi: a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da farfaɗiya da sauransu, Najeriya ma ta ɗauke shi. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin da ya fi burge ni a shirin nan shi ne ba su ce wa kowa yana da cuta mai sunan Turanci ba. Sun yi amfani da kalmar Shona da ke nufin yawan tunani. Mu ma muna da ita. "Tunani ya yi mata yawa." "Gabana ke faɗuwa." "Zuciyata ba daɗi." "Ya cika zurfin ciki." Duk horon da bai fara daga waɗannan kalmomi ba, a takarda zai tsaya.

To me za a koya wa babba? Littafin taimakon gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan aikinta a 2011 ya taƙaita shi a abu uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako. A baki abin da sauƙi.

Dubawa tana nufin lura da canji. Ba a auna yaro da ɗan maƙwabci, da kansa na jiya ake auna shi. Mai surutu ya yi tsit. Mai ƙoƙari a aji ya koma baya. Yarinya ta daina zuwa gidan biki, ta daina kitso, abinci sai an matsa mata. Ɗan shekara 12 ya dawo fitsarin kwance. Sau da yawa jiki ne ke magana a madadin baki: ciwon kai kullum, ciwon ciki, zafin ƙirji, a je kemis a sha maganin maleriya da na taifot sau uku a wata, ba sauƙi. A wajen samari kuwa, baƙin ciki kan fito da rigar fushi, shi ya sa ake yawan kuskure shi. Yaron da ya fara zama da 'yan ƙwaya a bayan tasha, yana haɗiyar tiramol ko yana shaƙar sholisho, mu kan ga ƙwayar mu manta da tambayar abin da yake son mantawa. An hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma dalilin da ya kai yaro gare shi bai tafi tare da kwalbar ba. Ma'aunin da za a ba babba mai sauƙin riƙewa ne: in canjin ya kai mako biyu, kuma ya hana yaro karatu ko barci ko cuɗanya da mutane, to abin ya wuce a ce zai ware.

Sauraro ya fi wuya, domin nan ne tarbiyyarmu ke tsayawa a ƙofa. Mun koya wa yaro kada ya kalli babba ido cikin ido. In aka tambaye shi, amsarsa "lafiya lau" ko "ba komai". Uwa na kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, balle su zauna hira. Uba kuwa in ya shigo gida kowa ya kama kansa. Ba na cikin masu cewa a rushe kunya, domin ado ce kuma tana da aikinta. Abin da nake cewa shi ne al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wasu, kuma su ya kamata mai tsara horo ya nema. Jika na wasa da kakarsa, yana gaya mata abin da ba zai iya furtawa a gaban uwarsa ba. Budurwa na da gwaggo, tana da matar yayanta, tana da malamar Islamiyya. Saurayi na da kawu, da ogansa a gareji ko shagon ɗinki, da mai horar da su ƙwallo da yamma. A makarantar kwana akwai uwar ɗakin kwanan ɗalibai, wadda ita ke jin wanda ke ihu da ƙarfe biyun dare. Almajiri kuwa duniyarsa malaminsa ne da matar malam da uwar ɗakin da yake yi wa aike. In aka tara shugabannin makarantu da daraktoci kaɗai aka horar, an horar da waɗanda yaro ba zai taɓa buɗe musu ciki ba.

Kuma sauraron kansa sai an koya. Gwaggon da ta iya za ta ja yarinya gefe lokacin tsintar wake ko wanke-wanke, hannu na aiki, ba a kallon juna, ta ce, "Ɗiyata, kwana biyu na ga kamar ba ki jin daɗi. Ko yanzu ko wani lokaci, in kina son magana ina nan." Sai ta yi shiru. Shirun nan shi ne rabin aikin. Mu manya ba mu iya shi ba, kafin yaro ya kai ƙarshen jimla mun fara wa'azi, ko mun ce, "Kai da ba ka ciyar da kowa, me kake tunani?"

Sai maganar haƙuri. Kalma ce mai daraja, amma sau da yawa da ita muke rufe bakin yaro. Annabi Yaƙub, alaihis salam, shi ne ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma shi ne Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Haƙurinsa bai hana shi kuka ba, kukansa bai rage masa imani ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga ƙanen Anas, Abu Umair, cikin damuwa don ɗan tsuntsunsa ya mutu, bai ce masa abin bai kai ya kawo ba, sai ya tambaye shi labarin tsuntsun. Limamin da ya fahimci wannan zai yi wa Zamfara aikin da takardun wayar da kai dubu na ma'aikatar lafiya ba za su yi ba.

Akwai abu biyu da dole horo ya gyara, domin kyakkyawar niyya na iya kai mutum ga akasinsu. Na farko, ba a tilasta wa yaron da ya fito daga hannun 'yan bindiga ya ba da labari. Mu kan taru a kansa, dangi da maƙwabta da masu ɗaukar bidiyo a waya, kowa na cewa "me suka yi muku?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da zaman da ake sa mutum ya amayar da abin da ya faru daki-daki nan take, domin ba ya hana firgici, yana ma iya ƙara shi. Yaro na buƙatar barci, da abinci, da fuskar da ya sani, da komawa harkokinsa a hankali. Labarin zai zo in ya shirya. Na biyu, in yaro ya ce "gara in mutu in huta", ba a ɗaukar ta a matsayin shagwaɓa, kuma ba a tsoron tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Abin da ke biyo baya shi ne kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da duk wata guba daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti. A gidajen manoma irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi. Shekara da shekaru dokar Penal Code ta Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, ga kuma abin kunya, shi ya sa iyali kan binne maganar har sai an binne yaron.

Game da malaman ruƙiyya da masu maganin gargajiya, ra'ayina a fili yake: duk shirin da ya ɗauke su abokan gaba ya faɗi tun kafin ya fara. Wajensu ake fara zuwa, kuma za a ci gaba da zuwa. A wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a 2020, an haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna duba masu taɓin hankali tare, kuma marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Abin da za a nema daga malam shi ne ya yi addu'arsa, ya kuma san inda zai ce a wuce asibiti: yaron da ke faɗuwa yana kumfa, wanda zazzaɓi ya ruɗa shi ko wuyansa ya sanƙare, wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba, wanda ke jin muryoyi. Sannan a yi yarjejeniya a kan abin da babu shi ko kaɗan, wato duka da sunan korar aljani, da turara hayaƙin da ke shaƙe numfashi, da sarƙa. Ba mu manta da abin da aka gani a 2019 ba, lokacin da aka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura aka fito da ɗaruruwan mutane, har da ƙananan yara, da tabon ƙarfe a ƙafa. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, don ba su san wata ƙofar ba.

Duk da haka ba zan ce horo maganin komai ba ne. Shirin koyar da taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa da aka faro a Ostireliya ya bazu a ƙasashe da dama, kuma bincike ya nuna yana ƙara wa mahalarta sani da ƙarfin gwiwa. Amma shaidar cewa waɗanda aka yi domin su sun samu sauƙi ba ta da ƙarfi haka. Darasin a nan babba ne. Mun san irin bitar da ake yi: kwana biyu a otal, a raba jaka da riga, a biya kuɗin mota, a ɗauki hoto, kowa ya koma. Bayan wata uku malami ya gamu da yarinyar da ta ce masa wani a gidansu na taɓa ta, ya rasa wanda zai kira. Kakannin Zimbabuwe sun yi nasara ne don akwai masu bibiyar aikinsu da inda za su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Zamfara na da mazaɓu 147. In a kowace akwai ma'aikacin lafiya ɗaya da ya samu horon mhGAP, da magani a kabad, da lambar ma'aikacin jinya ko likitan da zai kira a Gusau, to malami da gwaggo sun samu inda za su nufa. In babu wannan, an koya wa mutane ganin gobara ne ba a ba su guga ba.

Ɗan sani ma na da haɗarinsa. Wanda ya yi bitar kwana biyu na iya fara laƙaba wa yara sunayen cututtuka. Mafi muni shi ne fallasa sirri. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya daga bakin malami a majalisa ta isa ta sa a ce wance "ta taɓu", ko a san abin da ya same ta a daji, manema su janye, har ƙannenta abin ya shafa. Riƙon amana ya kamata ya zama darasin farko, tare da sanin inda amanar ke ƙarewa, wato inda ran yaro ke cikin haɗari, kuma ko a nan a gaya masa wanda za a sanar.

Sannan su kansu manyan fa? Malamin da ake so ya saurari ɗalibi, wataƙila bashin kuɗin fansar ƙanensa ne ke hana shi barci. Uwar da ake so ta lura da 'yarta ita ma takaba ta fita. Horon da bai ba su wurin sauke nasu kayan ba, ƙarin nauyi ne. Kuma ba wata hira da za ta cika cikin da bai ci ba, ko ta hana babura shiga ƙauye.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023, an kuma ga gyaran gine-ginen makarantu. Hanya mafi araha ta shigar da wannan batu ita ce ta inda ake ƙera malamai da ma'aikatan lafiya tun farko, Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, a kuma saka shi cikin bitar da hukumar ilimin bai-ɗaya ke yi wa malaman da ke bakin aiki, da Hausa, a cikin makarantunsu, ana komawa ana dubawa. Rediyo zai kai shi ga kakanni da gwaggonni, tunda ba su zuwa otal.

Abokina bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya yi da kansa shi ne ya ɗauke yarinyar daga jikin taga ya mayar da ita kusa da ƙofa, gefen wata ƙawarta. Ya yi wa 'yan aji kashedi a kan dariya ba tare da ya faɗi dalili ba. Ya ce mata in ta ji gabanta ya fara faɗuwa ta tashi ta fita ta sha ruwa, ba sai ta nemi izini ba. Yanzu wani lokaci mako kan wuce ba ta shiga ƙarƙashin benci ba. Ya raka gwaggon wani ƙaramin asibiti, aka ba su maganin ciwon kai da na ƙarin jini, aka ce in bai yi ba su wuce gaba. Gwaggon ta lissafa kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ta ce masa, "Malam, wannan kuɗin masarar wata guda ne." Har zuwa hutun da ya wuce, yarinyar na tashi da ihu cikin dare, gwaggon na riƙe ta har a kira asalatu.